Kwana Biyu A Garnaɗa, Birnin Da Nahiyoyi Uku Suka Haɗu

 Kafin mu yi nisa, ki tuna miyar da kika kaɗa jiya. Ki cire tumatir daga cikinta, ki cire tattasai da attarugu, ki cire man gyaɗa. Me ya rage a tukunyar? Ajiye amsar a gefe, za mu dawo kanta. Tambaya ce da na kwaso daga wani birni a kudancin ƙasar Sifaniya, wanda Larabawa ke kira Garnaɗa, masu garin kuma suna cewa Giranada.

Zumunci ne ya kai ni ƙasar. Ƙanwata ta haihu a Malaga, inda maigidanta ke aiki, Hajiyarmu kuma ƙafa ta hana ta doguwar tafiya, sai aka tura ni in kula da mai jego har ta yi arba'in. Babbar 'yarta takwarata ce, shekararta tara, a can aka haife ta. Ranar da na sauka na ce, "Takwara, kina lafiya? Yaya makaranta?" Ta rungume ni tana murna, ta amsa da Sifaniyanci. Tana jin Hausa sarai, amma bakinta ba ya ɗauka. Duk Juma'a in an kira Hajiya a waya, uwar ce ke tsayawa tana tafinta tsakanin jika da kaka. Abin ya tsaya mini a rai, na dai yi shiru, don ba a ɗora wa mai jego damuwa.

Da aka yi arba'in ƙanwata ta ce, "Yaya, ai ba kya koma gida ba ki ga Alhamra ba." Muka ɗunguma gaba ɗaya, har da jaririn a goye.

Hanya

Daga Malaga zuwa Garnaɗa tafiyar ba ta cika awa biyu ba a bas. Hanyar ta ratsa duwatsu da gonakin zaitun jere-jere iya ganinki. Da muka kusa gari sai ga dogon tsauni fari fat da ƙanƙara a kansa, alhali mu a ƙasa rana na dukanmu. Ƙololuwarsa mafi tsawo, mai mita 3,479, sunanta Mulhasan, daga sunan Sarki Abul Hasan Ali, mahaifin sarkin Musulmi na ƙarshe a birnin.

Bari in taƙaita miki tarihin. Musulmi sun tsallako daga Maroko a shekarar 711, ta mashigin ruwan da faɗinsa bai wuce kilomita 14 ba a inda ya fi ƙunci. Sun yi mulki a sassan ƙasar kusan shekara 800, suna kiranta Andalus. A hankali sarakunan Kirista na arewa suka riƙa karɓe biranen: Ƙurɗuba a 1236, Ishbiliya a 1248. Garnaɗa ce ta rage, a hannun gidan sarautar Banu Nasr, ta ƙara kusan shekara 250. Sarakunanta sun yi yaƙi, amma sau da yawa zaman lafiyarsu saye suka yi, suna biyan sarakunan Kastil haraji da zinari. Zinarin kuwa kasuwa ce ke kawo shi.

Muna fitowa daga tasha takwara ta ja mayafina tana nuna ƙarafan da aka kakkafa a bakin titi, kowanne da siffar wani ɗan itace a kansa. Mahaifinta ya ce sunan garin da na wannan ɗan itacen ɗaya ne a harshensu. Na duba da kyau na ce, "Ai rumman ne." Ta maimaita a hankali, "Rumman." Wannan ce kalmar Hausa ta farko da na ji daga bakinta.

Masaukin fatake

A tsakiyar gari, a wani lungu bayan shagunan zamani, akwai ƙatuwar ƙofa mai baka irin kofaton doki. Kina shiga sai tsakar gida mai faɗi da aka shimfiɗe da duwatsu, kwamin ruwa a tsakiya, gini hawa uku ya kewaye ta da ƙananan ɗakuna. An gina wurin tun kafin 1336, ana ce masa Funduƙul Jadid, wato sabon masauki. Fatake ke sauka a ciki da alfadaransu. Dabbobi da kaya, musamman alkama, suna ƙasa, masu kayan suna kwana a sama. Ƙofa ɗaya ce tak, in dare ya yi a rufe ta. Daga baya masu gawayi suka gaje shi, shi ya sa yanzu ake kiransa Corral del Carbón.

Na zauna a bakin kwamin nan na ji kamar na san wurin. Kakana na wajen uwa fataucin goro ya yi zuwa Gwanja, kuma yadda Hajiya ke ba mu labarin gidan fatoma haka yake: wurin ɗaure jakuna, ɗakin ajiya, ɗakin kwana, da maigida mai tsaya wa baƙo a ciniki.

Gaba kaɗan akwai Alƙaisariyya, tsohuwar kasuwar alharini. Lungunanta ƙuntatattu ne kamar na Kasuwar Kurmi, in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkata. Ta asalin ta ƙone a 1843, wadda aka sake ginawa ƙarama ce, tsarabar 'yan yawon buɗe ido ta cika ta. A zamaninta kuwa ƙofofi gare ta da masu gadi. Ana kiwon tsutsar alharini a gidajen ƙauyukan da ke kan tsauni, mata na kaɗin zaren, a kawo nan a auna a biya haraji. 'Yan kasuwar Jenowa, Kiristoci daga Italiya, suna zaune a tashoshin Malaga da Almeriya suna sayen alharinin, da sukari, da zabibi, da busasshen ɓaure. Sarakuna na faɗa a kan iyaka, 'yan kasuwa na ƙirga riba a bakin teku.

Zinarin da ya tsallaka Sahara

Baban takwara ya nuna mini wani tikiti da ake sayarwa don shiga tsofaffin gine-ginen garin, mai suna Dobla de Oro. Ya ce sunan kuɗin zinarin da aka ci kasuwa da shi ne a wancan zamani. Na ce, to ina suka samo zinarin? Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai daga wajenmu."

Gaskiya ya faɗa. Kaso mai yawa na zinarin da ya zagaya tekun Bahar Rum a ƙarni na 11 zuwa na 15 daga Afirka ta Yamma ya fito, daga mahaƙun Bambuk da Bure, yankunan da yau suke Mali da Senegal da Gini. Ana kai shi Walata ko Timbuktu, raƙuma su ɗauka su ratsa Sahara zuwa Sijilmasa a kudancin Maroko, daga nan zuwa bakin teku. Matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa ya bi hanyar a 1352. Kwana 25 ya yi daga Sijilmasa zuwa Tagaza, garin da har gidaje da masallaci da gishiri aka gina su, kuma wata biyu cur ya kwashe kafin ya isa Walata. Ayari mai zuwa kudu yana ɗauke da gishiri, jan ƙarfe, yadi, dawakai, takarda da littattafai. Mai komawa arewa yana ɗauke da zinari, hauren giwa, fata, citta mai 'ya'ya, da kuma bayi. Kada mu ɓoye wannan na ƙarshe, 'ya'yan wasu uwaye ne aka kora a ƙasa cikin rairayi.

Ki ji yadda zinarin nan ya shiga aljihun Turawa. A ƙarni na 12 sarkin Kastil, Alfonso na Takwas, ya buga nasa kuɗin zinari a Toledo da rubutun Larabci da alamar kuros a jiki, domin kuɗin da kasuwa ta sani ta yarda da shi mai Larabci ne. Har sunan kuɗinsu, marabedi, daga Murabiɗun ya fito, daular da ta taso daga Sahara. A 1252 biranen Jenowa da Filorens suka fara buga kuɗin zinari, Benis ta bi su a 1284. A 1375 kuma aka zana wata taswira a tsibirin Mayoka, wadda ake danganta ta ga wani Bayahude masanin taswira. A ƙasan Sahara ya zana baƙin sarki a kan karaga, riƙe da dunƙulen zinari. Mansa Musa ne na Mali, wanda hajjinsa na 1324 ya bar tarihi a Alƙahira.

Mutane ma sun bi hanyar. A Makka Mansa Musa ya haɗu da wani mawaƙi ɗan Garnaɗa, Abu Is'haƙ as-Sahili, ya taho da shi Mali. A Timbuktu ya rasu a 1346, kuma ana danganta ginin masallacin Jingarebar da shi. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya ziyarci Garnaɗa kafin ya nufi Sahara, ya ga kabarinsa a can. Akwai kuma Hasan al-Wazzan, haifaffen Garnaɗa da iyayensa suka yi hijira da shi zuwa Fas yana ƙarami. 'Yan fashin teku suka kama shi a 1518 suka miƙa shi ga Fafaroma Leo na Goma. A Italiya ya rubuta littafi kan Afirka, aka buga a Benis a 1550, Turawa suka yi ta karanta shi shekaru aru-aru. A cikinsa akwai Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir da Agadas. Ya ambaci masu sana'a da attajiran Kano, da takalman Gobir da ake kaiwa Timbuktu da Gawo. Ashe ɗan wannan gari na cikin waɗanda suka fara kai sunan garuruwanmu kunnen Turai.

Alhamra

Washegari da sassafe muka hau tudu zuwa Alhamra, wato "ja", saboda launin ganuwarta. In Allah Ya kai ki, ki sayi tikiti ta intanet tun da sauran makonni, ki riƙe fasfonki, domin da sunanki ake sayarwa kuma akwai sa'ar da aka yanka miki ta shiga fada. Ki sa takalmi mara tudu. Ba a shiga fadar da keken jarirai, don haka wasu matan suka tsaya neman abin ratayawa, ita kuwa ƙanwata ta gyara zaninta ta wuce.

An fara ginin a 1238. Abin da ya fara kama ni shi ne ƙarar ruwa. Ko'ina kika juya yana gudu, a ƙananan magudanai cikin daɓe, a tafkuna, a maɓuɓɓugai. Daga kogin Daro aka janyo shi ta wata doguwar magudana mai kimanin kilomita shida, gangare kawai ke tura shi, babu inji. A farfajiyar zakuna, wadda Sarki Muhammad na Biyar ya gina a ƙarni na 14, zakunan dutse 12 ne ke ɗauke da tasar ruwa, ginshiƙai 124 sirara sun kewaye su. Bangon kuwa kamar an yi masa aikin wuyan babbar riga tun daga ƙasa har rufi. Da na matsa kusa sai na ga yawancin adon da filasta da katako da tayil aka yi shi. Hannu da haƙuri ne suka ba shi daraja.

Takwara na zuwa makarantar Alƙur'ani ranar Asabar. Tana bin bango da ido sai ta tsaya cak, ta nuna da yatsa ta ce, "Inna, Allah!" Ta gane kalmar. Jimla ɗaya ce aka maimaita ɗaruruwan sau a fadar, taken gidan Banu Nasr, ma'anarta: babu mai rinjaye sai Allah. Baƙi daga ko'ina suna ɗaukar hotonta a matsayin ado, yarinya 'yar shekara tara kuma tana karantawa.

Masu wannan take sun ƙare ne cikin rigimar gado. Abul Hasan Ali ya yi faɗa da ɗansa Abu Abdullahi, wanda Turawa ke kira Boabdil, sannan ɗan ya yi faɗa da baffansa, kowa da magoya bayansa, ga kishi tsakanin matan sarki biyu yana ƙara wa wutar mai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sarauniya Isabela ta Kastil da mijinta Sarki Fanando na Aragon suka yi shekara goma suna cin garuruwan ɗaya bayan ɗaya.

Shekarar 1492

Ki riƙe waɗannan ranaku, duk a shekara ɗaya. Ran 2 ga Janairu Abu Abdullahi ya miƙa mabuɗan birni. Ran 31 ga Maris aka sa hannu kan dokar da ta ce Yahudawan ƙasar su karɓi Kiristanci ko su fita. Ran 17 ga Afrilu, a Santa Fe, sansanin yaƙin da ke bayan gari, aka ƙulla yarjejeniya da wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Jenowa, Kiristofa Kolombus. Ya tashi ran 3 ga Agusta, ran 12 ga Oktoba ya taka ƙasar da Turai ba ta san da ita ba. A lokacin Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano, shi da ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma a wajen waɗannan shekaru ne Shehu Magili ya zo daga Tilimsan ya sauka a wurinsa.

Da muka gangaro daga Alhamra mun tsaya a wani dandali mai mutum-mutumin Isabela a zaune, Kolombus a gabanta yana miƙa mata takarda. Me yake nema? Zinari da kayan yaji, ba tare da sun bi ta hannun dillalan Musulmi ba. Mutanen Fotugal sun riga sun zagayo ta teku, sun gina ganuwar Elmina a gaɓar Gana ta yau a 1482 don su tare zinari tun daga tushe, kuma Kolombus kansa ya taɓa zuwa can. Da zai tafi yamma har da mai jin Larabci ya ɗauka a jirgi, yana zaton Asiya zai sauka.

Can ƙetaren teku

A makaranta an koya mana cewa ya "gano" nahiyar Amurka, kamar wanda ya tsinci daji. Alhali akwai birane a can. A 1325, shekara ɗaya bayan hajjin Mansa Musa, mutanen Aztek suka kafa Tenochtitlan a tsakiyar tafki, inda birnin Meksiko yake yanzu. Suna noma a kan fadamun da suka tayar daga cikin ruwa, kwale-kwale ke kai amfanin gona kasuwa. Jagoran mayaƙan Sifaniya, Kotes, ya rubuta wa sarkinsa cewa sama da mutum 60,000 ke cin babbar kasuwarsu kullum. Kowane kaya da layinsa, akwai masu duba mudu, akwai alƙalan kasuwa a zaune. Kuɗinsu 'ya'yan koko ne, wanda ake yin cakulan da shi, da ƙyallayen auduga, kamar yadda kakanninmu suka yi ciniki da wuri. Addininsu na gumaka ne masu yawa, har suna yanka mutane hadaya, musamman kamammun yaƙi. Da Sifaniyawa suka ga manyan ɗakunan bautarsu, "masallatai" suka kira su a wasiƙunsu. Idon da suka kalli Garnaɗa da shi, da shi suka kalli Meksiko.

A kudu kuma daular Inka ta shimfiɗa hanyoyi sama da kilomita 30,000 a kan tsaunukan Andis, da rumbunan gwamnati a bakin hanya don shekarar yunwa. Lissafinsu da igiyoyi masu ƙulli suke yi.

Tenochtitlan ta faɗi a 1521, aka kama sarkin Inka a 1532. Agana da ƙyanda da baƙin suka kawo sun kashe mutane fiye da takobi. Rake kuwa, wanda Larabawa suka kawo gaɓar Andalus, Kolombus ya kai irinsa tsibiran can a tafiyarsa ta biyu a 1493. Gonar rake na son hannu da yawa, masu ƙasar sun ƙare, sai aka waiwayo Afirka. A 1518 sarkin Sifaniya ya ba da izinin kwasar bayi 4,000 zuwa can, ƙofar da ta shekara sama da 300 ba ta rufu ba. Har Hausawa ta ci. A Bahiya ta ƙasar Barazil sun shirya bore a 1807, kuma a boren bayi Musulmi na 1835 an sami layu da takardun Larabci a jikin waɗanda aka kashe.

To, mu koma kan tukunyarki. Tumatir, tattasai, attarugu, barkono, gyaɗa, masara, rogo, dankali, kabewa, gwanda, abarba, gwaiba, duk daga nahiyar Amurka suka fito, manoman can ne suka rene su dubban shekaru. Matar da ta yi girki a Kano zamanin Rumfa ba ta san ko ɗaya ba. Gero da dawa da acca take tuƙawa. Miyarta kuka ce da kuɓewa da yakuwa, da daddawa da man shanu, yajinta masoro da kimba da citta, ga wake da gujiya da riɗi. Tukunyar da ke kan murhunki yau kasuwar nahiyoyi uku ce.

Ƙofa a buɗe ranar Juma'a

Da la'asar muka hau Albaizin, tsohuwar unguwar Musulmi da ke fuskantar Alhamra. Lunguna ne masu hawa, fararen katangu, daga waje ba ki ganin komai, ciki kuwa tsakar gida ce da itatuwa. Har yanzu akwai tsofaffin tankunan ruwa na ƙarƙashin ƙasa sama da ashirin, inda matan unguwa suke ɗiba a da. A nan ne na fi jin nauyi a ƙirjina.

Yarjejeniyar miƙa birnin ta yi wa Musulmi alkawarin masallatansu da alƙalansu da addininsu. Ba ta kai shekara goma ba. A 1499 babban limamin coci Sisneros ya zo ya fara tilasta wa mutane wankan shiga Kiristanci, aka tara littattafan Larabci aka ƙone a dandalin Bib-Rambla, inda yau ake zama shan shayi. A 1502 aka ce kowa ya tuba ko ya fita. Tilas a addini ba ɓangare ɗaya ya yi ta ba a tarihin ƙasar, domin a ƙarni na 12 daular Muwahhidun ma ta matsa wa Yahudawa da Kiristoci har da yawa suka gudu. Duk wanda aka yi wa, zalunci ne.

Da aka rufe masallatai da makarantu, sai abin ya koma cikin gida. Hukuma ta gane haka. Ki dubi dokar 1567 ki ga wa aka nufa. An hana magana da rubutu da Larabci, an hana sunayen Musulmi, an hana mata rufe fuska da ƙunshin lalle, an rushe gidajen wanka, an ce ƙofar gida ta zauna a buɗe ranar Juma'a da ranar biki. Tun kafin nan an hana matansu aikin ungozoma, don kada a yi wa jariri abin da aka saba. Kotun binciken addini na iya kama mace saboda ta yi girki da man zaitun maimakon kitsen alade, ko ta canza wa iyalinta tufafi masu tsabta ranar Juma'a, ko an ga hayaƙi bai tashi a gidanta da rana ba a watan azumi. Duk da haka sun riƙe abin sama da shekara ɗari, uwa na raɗa wa 'ya, har aka gaji aka kore su gaba ɗaya tsakanin 1609 da 1614, kimanin mutum 300,000.

A arewacin ƙasar, inda Larabci ya riga ya ɓace daga bakinsu, sai suka riƙa rubuta Sifaniyanci da haruffan Larabci. Sunan wannan rubutu alhamiyado, daga kalmar ajamiyya. Ajami ke nan, irin namu. A 1884, ana gyaran wani tsohon gida a ƙauyen Almonasid kusa da Saragosa, aka tarar da tarin littattafansu a ɓoye ƙarƙashin daɓe. Mai su ya adana yana fatan dawowa, ko jika ya zo ya karanta. Babu wanda ya zo.

Abin da ya rage a bakin mutanen yau kalmomi ne warwatse. Shugaban gari alkalde suke ce masa, daga tushe ɗaya da alƙalinmu. Sukari asukar. In suna fatan abu su ce ohala, wadda asalinta ambaton yardar Allah ne, ko da mai faɗa bai sani ba.

Magariba

A saman unguwar akwai sabon masallaci da aka buɗe a 2003, da lambu mai kallon Alhamra. Muna zaune rana na faɗuwa, ganuwar ta yi ja wur, ƙanƙarar tsauni a bayanta, ladan ya kira salla. Bayan mun idar na kasa riƙe abin da ke raina. Na ce wa ƙanwata, "Matan unguwar nan doka aka kafa musu, da ɗauri da wuta, kafin a raba 'ya'yansu da harshensu. Ke wa ya kafa miki?" Ta daɗe tana jijjiga goyonta, sannan ta ce, "Yaya, naki fa? In kin yi musu Hausa, da me suke amsa miki?" Ban ce komai ba. Nawa a gida suke, a tsakiyar ƙasar Hausa, amma autana da Turanci yake ƙirga kuɗin cefane. Kuma wasiƙun kakanmu na ajami suna nan cikin gwangwani a ɗakin Hajiya, mu bakwai babu mai iya karanta su tiryan-tiryan.

Da muka koma Malaga muka kafa doka ɗaya mai sauƙi: a kicin Hausa kawai. Wanda ke son cokali ya ce cokali. Takwara ta zama mai miƙo kaya, ina faɗa mata sunan kowanne da inda ya fito, wannan daga Meksiko, wannan kukar daga kasuwarmu na ƙullo ta a jaka. Juma'ar ƙarshe kafin in taho aka kira Hajiya. Yarinyar ta karɓi wayar ta ce, "Hajiya, ina wuni. Na ci tuwo da kuka miya." Hajiya ta yi dariya har da tari, ta ce a bar ta, kada wanda ya gyara mata yau.

Ni ma na dawo da aiki a gabana. Na ɗauko gwangwanin, duk Asabar wani dattijo a unguwarmu yana karanta mana wasiƙa ɗaya ni da yara. Ta farko lissafin goro ce da sunayen zangon da kakanmu ya kwana.

Ke fa, uwargida? Da wane harshe 'ya'yanki ke amsa miki, kuma wace dabara kika gwada ta yi aiki? Ki ba mu labari, wata na iya ƙaruwa da ke. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa albarka a tukwanenmu.